Awon Ƙafar Baba

Mubi,
14 ga Nuwamba, 1968.

Zuwa ga ƙanena Ezekiya,

Gaisuwa mai yawa da ƙauna da marmarin ganinka, a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka Margret da jaririyarku Ƙauna, wadda har yau ban ɗauke ta a hannuna ba, sai dai labarin kumatunta nake ji. Allah ya raya mana ita, ya tsare ka daga injinan masaƙar nan da kuke wuni a cikinsu, ya kuma kawo ƙarshen yaƙin da ya kwashe mana samari. Kullum in mun durƙusa da safe sai an ambaci sunanka, ko da yake kai sai ka ga dama kake tuna akwai gidan waya a Kaduna.

Nan gida, maigidana Levi yana nan yana fama da 'yan makaranta, muryarsa duk ta dushe. 'Yarmu Laraba ta shiga aji uku, har ta fara gyara mini Turanci, ni da na koya mata riƙe alli. A ƙauyenmu can bayan Kwaja an fara yankan dawa, bana ba laifi, gyaɗa ce dai ta rasa daraja. Inna tana nan, sai ciwon baya irin na tsufa. Akuyar nan mai baƙin kunne da ka bar mata ta haifi biyu. Na tara maka waɗannan a gaba ne don ka ɗan sha ruwa kafin in sauke maka kayan da na ɗauko.

Takardarka ta iso. Ka tambayi ranar da za a ba Baba takardar sallama daga shan maganin kuturta, ka ce za ka ɗauki hutu ka zo, ka kuma ce za ka ƙara saya masa takalmi, tunda zaren awon ƙafarsa da na aika maka bara yana nan cikin akwatinka. Na hau ƙauye na karanta masa. Ya saurara har ƙarshe, ya sa na maimaita wurin da ka ambace shi, sannan ya ce in rubuta maka cewa yana lafiya lau, kowa lafiya, ranar ce kawai aka ɗan ɗaga. Na ce to, domin ba a musu da Baba. Amma ba zan rubuta haka ba, Ezekiya. Irin wannan amsar ce ta kai mu inda muke yau, kuma na gaji da ita.

Ka tuna ɗan ɗakin shan maganin da aka gina mana a bakin kasuwa, bayan ƙuri'ar nan ta zaɓen ko mu bi Najeriya ko Kamaru. Kai a lokacin ba abin da ya dame ka sai bin motar lasifika. Ni ban manta ba, Baba ya sauko daga dutse ranar ƙuri'a, aka tsayar da shi can gefe shi kaɗai, sai da kowa ya gama aka bar shi ya jefa tasa. Da aka buɗe ɗakin, ya ce ƙuri'arsa ce ta gina shi, ba kuwa mai iya gaya masa wani abu dabam. Tun daga nan kowace ranar kasuwa Malam Tizhe, malamin maganin nan mutumin Michika, yakan turo kekensa ya hau mana dutse, ya jera masu shan magani a inuwa, ya sa wa kowa ƙwayarsa a baki, ya duba musu tafin ƙafa da na hannu, ya wanke wa mai miki mikinsa. Baba bai taɓa fashi ba. Tabon bayansa ya dushe, kumburin fuskarsa ya sauka, har Malam Tizhe ya ce in likita ya zo zagaye wajen Kirsimetin bana, ba shakka za a sallame shi. Ka san abin da takardar nan take nufi a wurinsa, mutumin da ya yi shekara da shekaru ƙwaryarsa dabam, tabarmarsa dabam, yana jin wa'azi ta taga. Takalman da ka aiko bara ko sau ɗaya bai sa ba. Ya naɗe su a tsumma ya rataye cikin rumbu, ya ce da su zai shiga majami'a ranar, ya zauna a tsakiyar maza, ya karɓi Jibin Ubangiji a ƙoƙo ɗaya da kowa.

To, da rani sai aka fara raɗe-raɗin cewa baitulmali ya yi giɓi. Levi ya yi mini bayani, ya ce abin da hukuma take kashewa ya fi abin da take samu, gyaɗa ta faɗi, haraji ba ya taruwa, abin da ake aikowa daga sama kuma yaƙi ya lashe. Aka ce dole a tsuke bakin aljihu kafin sabon kasafi. Ni ban ga laifin wannan ba, ko a gidana in hatsi ya yi ƙasa nakan rage awo. Aka naɗa kwamiti, aka ce su zaga ƙauyuka su gani da idonsu abin da ake amfani da shi da abin da yake zaman banza, rijiya ce, makaranta ce, ɗakin magani ne. Da suka zo kanmu sai suka zaɓi ranar kasuwa, ranar shan magani, da gangan, don su ga taron da Malam Tizhe yake faɗa musu. Har zuwa nan ba wanda ya zalunce mu.

Saƙo ya iso wa jauro, mai garinmu, cewa manyan baƙi suna tafe, za su duba ɗakin kutare. Ba a faɗa masa dalili ba, shi ma bai tambaya ba. Kai ka san mutanenmu in an ce baƙo. Aka yi gayya aka share hanya tun daga bakin mayo, kogin nan namu, aka shafe ɗakin da farar ƙasa, mata suka wuni daka, aka ɗaure rago. Sannan aka yi abin da aka gada tun kakanni, wato duk mai ciwon da zai ɓata wa baƙo ido, a kawar da shi. A wurinmu ai rashin kunya ne babban mutum ya tako garinka ka bar idonsa ya faɗa kan dungulmin hannu. Ga kuma tsofaffi suna cewa a zamanin da, duk ranar da aka zo ganin kutare kwashe su ake yi zuwa can nesa, ba a sake jin ɗuriyarsu. Tun da sassafe masu shan magani suka ɗauki gorunansu na ruwa suka zaga bayan dutse, suka shige kogon nan da muke ɓuya muna yara in mun yi laifi. Ka san wanda ya shige musu gaba? Baba. Shi ne babbansu, shi ya bi gida gida yana tada su, Inna ta ce har wata tsohuwa da ba ta iya tafiya ya goya.

Baƙi suka iso, suka tarar da ɗaki fari tas, an yayyafa ruwa a ƙofa, Malam Tizhe yana zaune shi kaɗai cikin fararen kayansa da kwalbar magani a gabansa, ya rasa inda mutanensa suka shiga. Shi ba a gaya masa ba, don kada ya hana. Suka zauna har rana ta yi tsaka, ba wanda ya zo. Suka tambayi jauro ina marasa lafiya, ya miƙe ya gyara riga ya ce Allah ya raba garinsa da wannan cuta, kowa lafiya lau, mata suka rangaɗa guɗa. Malam Tizhe ya yi rantsuwa, ya buɗe littafinsa, babban baƙin ya ce kowane ma'aikaci littafinsa cike yake in ya ji ƙishin-ƙishin ɗin kora, su aikin ido aka aiko su. Suka ci tuwo, suka yaba tsabtar garin, aka ɗora musu ragon a bayan mota. An ce wani ƙauye can wajen Duvu, da suka ji labarin zuwan, har guragun maƙwabta suka aro suka jera a bakin hanya. Nasu ɗakin yana nan a buɗe.

Abin da yake ci mini rai, da yamma Baba ya dawo yana murna. Ya ce wa Inna ko tari ba wanda ya yi a cikin kogon, sun fitar da garin kunya.

Kafin ruwan shuka aka rufe ɗakin. Aka mai da Malam Tizhe wani wuri, aka ce duk mai bukata ya sauko Mubi. Na ɗauki mayafina na tafi wurin Malam Yaya, magatakardan kwamitin, wanda suka yi makaranta da Levi. Da faɗa na je, ka san halina. Ya saurare ni bai musa ba, ya ma ce tun a ranar jikinsa ya ba shi, domin bai taɓa ganin gari mai lafiya haka ba. Amma ya ce an riga an gama kasafi, an aika sama, an sa hannu, ba mai iya buɗe shi. Na tambaye shi, duk faɗin abin da hukuma take kashewa, ba a ga abin yankewa ba sai ƙwayar maganin Baba? Ya ce in zauna ya gaya mini yadda ake yankan. Ya ce ba a taɓa albashin manya, domin wuƙar a hannunsu take. Ba a taɓa masu karɓar haraji, domin su suke kawo kuɗin. Ba a taɓa 'yan doka da gidan yari ana cikin yaƙi. In kuma aka taɓa makarantar cikin gari ko famfon kasuwa, kafin azahar iyaye da 'yan kasuwa sun cika ofis. Saboda haka inda za a yanka ba a ji ihu ba, nan ake nema. Mu kuwa, ka ji, ko tari ba mu yi ba.

Na dawo gida ina tafasa. A tsakar gida na tsaya ina faɗa wa duk mai kunne inda za a yanke in da ni ce hukuma. Na ce a fara da liyafar da ake yi wa duk baƙon da ya zo da mota. A daina aiken motar ofis ta kai matan manya biki. A bar shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa duk sanda aka ce wani zai wuce, abin da ruwan farko yake wankewa. A sallami mai ba furanni ruwa a gidan saukar baƙi, da rani tsaka, mu muna tonon yashi a mayo. Ina cikin haka sai na ga Hamsatu maƙwabciyata ta ajiye taɓarya ta shige ɗaki. Allah ya sani, na manta mijinta ne mai ba furannin ruwa, shi ne kuma mai shafar duwatsun, da wannan yake ciyar da gidansa har da uwarsa makauniya. Daga baya ta ce mini ba ta ji haushi ba, ita ma in babanta ne haka za ta ce, amma in roƙa musu Allah kada bakina ya kama su. Ba a jima ba kuwa aka sallami mijin nata daga aiki, domin shi ma ba mai ihu ba ne. Liyafa dai ana nan ana yi, motar ma shekaranjiya na gan ta shaƙe da kwanonin biki. Levi ya ce shi a ganinsa a rage wa kowa kaɗan kaɗan, daga babba har ƙarami, yadda uwa take rage tuwo a kowane kwano in gari ya gaza, ba ta ɗauke kwanon ɗa guda ɗungum ba. Na ce masa wannan ai uwa ce, ta san fuskar kowane ɗa. Tun daga ranar ban ƙara gaya wa kowa inda ya kamata a yanke ba.

Za ka ce me ya hana in riƙa karɓo wa Baba maganin. Na je asibitin Mubi, na roƙa. Dokarsu ce sai mai ciwo ya haɗiye a gabansu, don wai wasu suna kaiwa kasuwa. Za ka ce me ya hana ya dawo wurina. Levi da kansa ya hau ya durƙusa masa. Baba ya ce ba zai kwana a gidan surukinsa ba yana da rai, balle gidan haya mai rijiya ɗaya, a zo a kore mu saboda shi. Mun nemi jaki, duk wanda ya ji ko wa zai hau sai ya ce jakinsa ba shi da lafiya. Sauran masu shan maganin yawancinsu sun haƙura tun da wuri. Baba kuwa ya ce saura ƙiris a sallame shi, ba zai saki abin da ya kusa kamawa ba. Kowane mako sai ya sauko da ƙafa, ya haɗiye ƙwayarsa, ya tsaya a ƙofar gidana daga waje ya sha kunu a ƙwaryarsa, ya juya. Duk damina haka ya yi, cikin duwatsu da taɓo, in mayo ya cika ya zauna a gaɓa ya jira ya janye. Na yi na yi ya sa takalmanka, ya ce ba na hanya ba ne. Tsohon takalminsa na taya ya yi ta ja.

Ka san ƙafafunsa ba sa jin komai. Cikin marka ƙusar takalmin dama ta ɓullo ta ciki, ya taka ta tun daga ƙauye har Mubi, ya koma a kanta, bai sani ba. Inna ce ta ga ƙudaje suna bin sawunsa. Da Malam Tizhe yana nan, da a makon ya gani, ya wanke ya ɗaure, ya hana shi tafiya. Nan gari layi ya yi tsawo tunda aka tattaro musu ƙauyuka, ana sa ƙwaya a baki ne a ce na gaba, ba mai lokacin duba tafin kowa. Baba kuma ya cusa tsumma a mikin ya hana Inna faɗa mini, ya ci gaba da zuwa, sai da wari ya tona shi. Levi da 'yan'uwan Inna suka ɗauko shi a kan ƙyaure. A asibiti likita ya ce in ba a yanke ba ƙafar duka za ta tafi. An cire yatsun dama gaba ɗaya, har da gaban tafin. Ta hagu ta tsira.

Yanzu yana ƙauye. Ba ya iya saukowa, maganin ya yanke tun da aka sallamo shi daga asibiti, an kuma ce mana wanda ya yi dogon fashi daga farko ake sake masa. Shekarun nan duka sun zube ke nan. Tabon ya fara dawowa a kafaɗarsa, na gani, ko da yake yana ta jan bargo yana rufewa. Ya sa an gyara masa tsohuwar bukkar nan ta bakin gona, wadda ya bari sanda Malam Tizhe ya ce ciwonsa ya daina kama wani, ya koma can. Inna tana kai masa tuwo ta ajiye a kan dutse, ta dawo tana kuka a hanya. Jauro ya je gaishe shi, ya kasa haɗa ido da shi. Ɗakin maganin kuwa yana nan da sauran farinsa, awaki ne suke kwana a ciki. Ban taɓa jin Baba ya zagi hukuma ba. Ba wanda ya gaya masa cewa ɓuyan nan ne ya rufe ɗakin, ni ma duk bakina na kasa, ka ga ashe ni ma 'yar garin ce. Amma ina jin ya sani, domin rannan ya tambaye ni ko baƙin nan sun ji daɗin zuwansu garinmu, kuma bai jira amsa ba.

Ezekiya, ni kaina ban san abin da nake roƙonka ba. Wasu suna cewa in yaƙi ya ƙare za a sake duba kasafi. Malam Yaya ya ce kada in yaudari kaina, abin da aka rufe ba kasafai ake buɗewa ba, domin in aka shekara babu shi sai a ce ashe ana iya zama babu shi. Ka tambaya a Kaduna ko ana samun ƙwayar a wani wuri, ko wurin likitan masaƙarku. Ka zo da Kirsimeti kamar yadda ka yi niyya, ko da yake babu bikin da za a yi. Kai ne namijin, wataƙila ya ji maganarka ya yarda a sauko da shi, Levi ya ce zai bar gidan haya ya yi gini a bayan gari in dai Baba zai zauna da mu. Ni dai na daina sa rai, ba zan ɓoye maka ba. Ina addu'a, amma bakina ne kawai yake yi.

Ka gai da Margret da kyau, ka shafa mini kan Ƙauna. Ka gai da Zira ɗan'uwan Levi da yake aikin reluwe, ka ce masa uwarsa tana tambaya. Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Levi da Laraba suna gaishe ka, haka ma Hamsatu. Baba yana sa maka albarka.

Sai maganar takalmi. Na bara suna nan sababbi, ba su taɓa ƙasa ba. Zuwan da na yi na sauko da su daga rumbu, na ce ya gwada ko a cikin bukka ne. Na hagu ya zauna daidai, na dama ya juya a ƙafarsa ya faɗi. Ya ɗauka ya goge da gefen bargonsa, ya ce in mayar, ranar ba ta zo ba tukuna. Likita ya ce in ana so a tsira da abin da ya rage, sai an ɗinka masa takalmi mai taushi daidai da ƙafar, an ce akwai masu yi a wajenku. Saboda haka ka yar da zaren bara. Ga sababbi guda biyu na naɗe a cikin takardar nan, na auna yana barcin rana don kada ya hana ni. Mai ƙulli a baki shi ne na dama. In ka miƙe su tare a kan tebur, kada ka ce Susanna ta yi kuskuren awo. Sau biyu na auna.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ni ce yayarka,
Susanna Levi.